Gorar da Ba Ta Kai Ruwa Ba

Wari ne ya fara tona asirin.

Ranar Talata da hantsi, a wata unguwa da ke bayan garin Ogaki, Wilson Tamashiro ya durƙusa a kan daɓen tubali da ya shimfiɗa da hannunsa mako uku da suka wuce. Masu gidan ne suka kira shi, wai tubalan tsakiya sun lotsa bayan ruwan da aka kwana biyar ana tafkawa. Ya ɗaga tubali na farko, ya ɗaga na biyu, sai ya ga ƙudaje suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga bakin wata sandar gora da ke kafe tsakanin tubalan. Ya kai hancinsa. Bai ƙara taɓa komai ba. Ya koma jikin katanga ya yi amai, sannan ya kira 'yan sanda da kansa.

Kafin yamma an haƙe wurin. A zurfin mita biyu da rabi, cikin tsohuwar rijiyar da aka cike aka yi daɓen a kanta, aka tarar da mai gidan, Baba Hikosaka Genzo, ɗan shekara saba'in da tara, wanda lasifikar gari ta yi mako guda tana cigiyarsa safe da yamma. Kowa ya riga ya sallama cewa gigin tsufa ne ya ja shi kogi. Ashe bawan Allah yana gida, iyalinsa suna shan shayi a kansa.

Sufeto Kuramochi Sumie tana tsaye a bakin ramin lokacin da masu haƙa suka share yashin ƙarshe. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki, ta ga gawa iri-iri, amma abin da ta gani ran nan sai da ya sa tsigar jikinta ta tashi. Gorar nan ta sauko daga sama sambal, ta tsaya daidai bakin mamacin, har tana taɓa leɓensa.

Abokin aikinta, Saje Usui, ya toshe hanci da hankici. "Ranki ya daɗe, wannan ai ba sai an wahala ba. Wanda ya cike rami shi ya san abin da ke ciki."

"Shi kuma ya kira mu."

"Wayo ne."

"Kai ma da ka yi irin wannan wayon da tuni ka zama Sufeto," in ji ta.

Amma ita ma ta san yadda lamarin yake. An tsare Wilson a ranar. Doka ta ba su kwana biyu, ranar Alhamis da rana za a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara, kuma daga nan fitar mutum sai an sha wuya. A Burazil aka haife shi, jikan mutanen nan ƙasar ne da suka yi ƙaura tun da, ya dawo yana ɗan shekara goma sha tara. Shekara ashirin da biyu yana shimfiɗa wa mutanen Ogaki tubali, amma tun kafin motar gawa ta bar layin, unguwa ta gama yanke masa hukunci. Matarsa tana zaune a benci a ƙofar ofis da ƙunshin abinci a cinya, ta ƙi tafiya.

Da safiyar Laraba Sufeto ta zauna da shi.

"Faɗa min aikin daga farko."

"'Yar gidan ce ta kira ni, Naoko. Ta ce babanta ya rikice, kullum da asuba yana zuwa jan ruwa, suna tsoron ya faɗa. A toshe rijiyar, a yi daɓe inda zai riƙa zama ya sha iska."

"Ranar Asabar, ana gobe tsohon zai ɓata, me ka yi?"

"Na fasa bakin rijiyar, na zuba tsakuwa har saura mita uku. Tsakuwa ta ƙare. Na rufe da katako na tafi."

"An ce kun yi faɗa da tsohon."

"Shi ya yi faɗa da ni. Ya kwaɗa min guga a kafaɗa, ya ce ɓarawon ruwa. Na yi dariya. Tsoho ne, sa'an babana."

"Lahadi da safe kana ina?"

"Kamun kifi a kogin Ibi."

"Da wa?"

"Da kifi, ranki ya daɗe. Su ma ba su zo ba."

Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba. "Litinin fa?"

"Na zo na ji wai Baba ya ɓata. Na ce to a dakata da aiki. Iya Chiyo, matarsa, ta ce a'a, in ya dawo ya tarar da rami a buɗe zai faɗa, in gama. Na ɗaga katako, na ga gora a tsaye a ciki, da yashi a ƙasa."

"Ba tsakuwa ka bari ba?"

"Tsakuwa na bari. Na ɗauka Baba ne ya yi wasa da yashina, don duk makon haka yake yi, ya tuge igiya, ya ɓoye min awo. Na tambayi surukin gidan gorar mece ce, ya ce camfin tsofaffi ne, in yanke ta daidai da tubali. Na juye tsakuwa, na bi da injin daddaɓawa, na baza yashi, na jera tubali." Ya dubi tafin hannunsa. "Sau huɗu na bi ta kansa da injin nan. Sau huɗu."

"Ba ka san amfanin gorar ba?"

"Har yanzu ban sani ba."

Ta yarda da shi a wannan, don duk wanda ya tashi a Ogaki ya sani. Gari ne da ko'ina ka haƙa ruwa zai taso, kuma ba a toshe rijiya haka kawai kamar ramin shara. Sai an kira mai kula da ɗakin bauta ya zuba gishiri da giyar shinkafa, an nemi afuwar mai rijiyar, wato aljanin da suka yi imani yana cikinta, sannan a huda gaɓoɓin gora a kafa ta tun daga cikin ruwan har sama, don abin da ke ƙasa ya samu ya yi numfashi. Gidan da ya toshe masa hanci, an ce ciwo da mutuwa ba sa barinsa. Kakar Sufeto har ta mutu ba ta taka wajen da aka binne rijiya ba.

Ta tashi za ta fita, sai Wilson ya ce, "Akwai abu ɗaya. Rodina guda ɗaya, Litinin na same shi ba inda na ajiye ba. Bakinsa da wani farin gari-gari."

Surukin gidan, Makabe, injiniya ne a wata masana'anta, mutum mai duba agogo kafin ya amsa gaisuwa.

"Kai ka hana a kira mai kula da ɗakin bauta?" in ji Sufeto.

"Ni ne. Rami ne mai ruwa, ba kabarin wani ba." Ya ji abin da ya faɗa, kunnuwansa suka yi ja.

"Kuna shiri da surukinka?"

"Shekara biyu ke nan bai san ko ni wane ne ba. Kullum sai ya tambayi matata yaushe mai gyaran mita zai tafi."

"Asabar da Lahadi?"

"Mun je Toyohashi wurin mahaifiyata ni da Naoko. Mun tashi Asabar da yamma, mun dawo Lahadi ƙarfe uku, muka tarar da Inna a ƙofar gida tana cewa ba ta ga Baba ba."

Saje Usui ya duba katin kuɗin hanya na motarsu, ya kira Toyohashi. Maganar ta tsaya daram. Da ma Sufeto ba ta sa rai ba. Mutumin da ya ƙi kiran mai addu'a ba zai zauna yana huda gora ba.

Saura maƙwabci, Baba Inukai, wanda ya shekara talatin yana rigima da mamacin a kan reshen bishiyar da ke zubar masa da ganye. A bayan gidansa akwai gora tsaye cunkus. Usui na ganinta ya ɗaga gira.

"Af, kun zo ku kama ni?" in ji tsohon. "Ku yi sauri, gwiwata ba ta son tsayuwa."

"Baba, Lahadin da maƙwabcinka ya ɓata, da safe kana ina?" in ji Sufeto.

"Ranar yasar kwata ce. Daga ƙarfe shida har sha ɗaya duk layin nan muna cikin laka, ni ne mai rabon safar hannu. Tambayi kowa."

"Gidan Hikosaka wa ya fito?"

Tsohon ya sosa ƙeya. "Babu. Kin ga, wannan ma abin mamaki ne. Shekara arba'in Chiyo ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da aka cire mata haƙori sai da ta zo. Muka ce tana fama da wancan mai taurin kan." Ya juya ya dubi katanga, idonsa ya kawo ruwa. "Wa zan zaga yanzu?"

"Tun da aka yi daɓen, ka lura da wani abu?"

"Ba na leƙen gidan mutane."

"Na sani, Baba. Amma in ido ya faɗa da kansa fa?"

"To, ido ya faɗa. Kullum da sassafe takan fito da ɗan kofin shayi, ta tsuguna a tsakiyar daɓen, ta tsiyaya a ramin gorar nan. Tana magana ƙasa-ƙasa. Na ce da mai rijiya take, tana ba shi haƙuri, tun da wancan yaron mai agogo ya hana a yi abin da ya dace."

Sufeto ta koma ofis ta sa aka fito mata da gorar. Ta shimfiɗa ta a kan tebur biyu. Gorar Baba Inukai ɗanya ce shar, wannan kuwa ta bushe ta yi ruwan zuma, ta yi sulɓi irin na abin da hannu ya daɗe yana shafa. An huda gaɓoɓinta daga ciki, hudar gaggawa, duk ta tsattsage. A gefe ɗaya akwai wata tsohuwar huda da guntun igiya a ciki. Ta bi jikinta da yatsa, ta ji wasu ƙananan tabo a jere, tazararsu kusan ɗaya.

"Usui, a gidanku da me ake shanya?"

"Inji ke busarwa, ranki ya daɗe. Mu 'yan zamani ne."

"Shi ya sa rigarka take wari. Ɗauko mota."

Ta tsaya wurin likitan da ya duba gawar, ta yi masa tambaya ɗaya, ya ba ta amsa a takarda. Ta ninke ta sa a aljihu.

Ana yayyafi suka isa gidan Hikosaka. Naoko da mijinta sun tafi shirin jana'iza. Iya Chiyo ce ta buɗe ƙofa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, ta jera musu silifas, ta kawo shayin sha'ir mai sanyi. Ta zauna a kan gwiwoyinta tana fuskantar ƙofar gilas da ke kallon bayan gida. Ramin yana nan an rufe shi da shuɗin tamfol, tubalan Wilson a jibge a gefe. Can jikin katanga ga ƙarafan shanya guda biyu, kowanne da ƙugiya biyu. Gora ɗaya ce a kai.

"Iya, ina ɗayar gorar shanyarki?"

"Ta tsufa."

"Kin yar?"

Tsohuwar ta kafa wa tamfol ɗin ido. Ruwa yana ɗiga a kan tamfol, ɗis, ɗis, kuma Sufeto ta kama kanta tana kasa kunne kamar mai jiran wani sauti daga ƙarƙashinsa.

"Bari in faɗa miki abin da ya hana ni sukuni," in ji ta. "Kowa ya ɗauka Baba ne ya kafa gorar kafin ya ɓata, don mai rijiya. Amma Baba ya shekara hamsin yana jan ruwa a nan. Ko ya manta sunan kowa, ba zai manta cewa gorar numfashi sai ta taɓa ruwa ba. Ranar Asabar an riga an zuba tsakuwa mita huɗu a kan ruwan. Gorar da aka kafa bayan haka ba ta da abin da za ta yi wa mai rijiya. Ke ma kin sani."

"Na sani."

"Wilson bai san al'adar ba. Surukinki ya sani, ya raina, kuma yana Toyohashi. Baba Inukai yana cikin kwata gaban mutum ashirin, gorarsa kuma ɗanya ce. Wannan busasshiya ce, da tabon maƙalan shanya a jikinta. An huda ta da rodin mai daɓe, a safiyar da duk layin nan ba kowa a gida. Kuma ba a kan tsakuwa ta tsaya ba, Iya. A bakinsa ta tsaya."

Hannuwan tsohuwar suna kan cinyarta. Sai yanzu Sufeto ta lura da tafin, duk ya yi sabuwar kanta, irin ta wanda ya riƙe shebur bai saba ba.

"Wancan bawan Allah, mai daɓe," in ji Iya Chiyo a hankali. "Naoko ta ce tambayoyi kawai za a yi masa."

"Gobe da rana za a miƙa shi. Matarsa kwana biyu ke nan tana zaune a ƙofar ofishinmu."

"Ya ce min Iya tun ranar farko. Ya gyara min matakalar kicin ban roƙe shi ba." Ta rufe ido. "Na ce za su gane ba shi ba ne, su sake shi. Jiya na faɗa wa kaina haka, yau ma na faɗa."

"Ba za su gane ba sai kin faɗa."

Ta gyara zama. Da ta fara magana kuwa, muryarta ba ta rawa.

"Ƙarfe biyar da rabi ya fita da guga, yadda ya saba. Na bi shi. Ya janye katakon, ya jefa guga, ya ji ta faɗi a kan dutse. Ya juyo ya dube ni, ya ce, 'Ke wace ce? Ina kika kai min ruwa?' Shekara hamsin da ɗaya muna tare, 'yar nan. Ya kama wuyana da hannu biyu. Bai taɓa ɗaga min hannu ba sai da ciwon nan ya zo. Na ture shi. Turewa ɗaya. Bakin rijiyar kuma an fasa shi, babu abin da zai tare shi."

"Me ya hana ki kiran motar asibiti?"

"Na kira sunansa ya fi sau ɗari. Na ga yadda wuyansa ya kwanta." Ta dubi ramin. "Naoko ce ta ce a toshe rijiyar. Mijinta ya hana a yi addu'a, ta bi shi. Kin san unguwar nan. Kwana ɗaya da toshewa uban ya mutu a ciki? Har ta tsufa za a riƙa nuna ta, ita ma za ta yarda ita ta jawo. Na ce gara kogi ya ɗauki laifin."

"Sai kika zuba yashi."

"Na fara zubawa. Da ya kai ƙirjinsa sai na kasa. Ba a rufe abu mai rai a rijiya a hana shi numfashi, tun ina yarinya na san wannan. Na ce in fa da sauransa? Na sauke gorar shanya, na huda, na saita masa a baki. Sannan na ƙarasa."

Saje Usui, mai bakin da ba ya hutawa, ya sunkuyar da kai yana kallon littafinsa, bai rubuta komai ba.

"Kullum da safe ina kai masa shayi," in ji ta. "In na sa kunne a bakin gorar, ina jin iska tana shiga tana fita. Mako uku ina ji." Ta ɗago ta dubi Sufeto ido cikin ido, karo na farko. "Ke kin ga likita. Ki faɗa min gaskiya, kada ki ji tausayina. Ya yi numfashi a ciki?"

Sufeto ta ciro takardar daga aljihu, ta buɗe, ta ajiye a gabanta.

"Babu ƙwayar yashi ko ɗaya a huhunsa. Kafin ki fara kiran sunansa ya riga ya tafi. Iskar da kike ji, Iya, iska ce kawai."

Tsohuwar ta kifa goshinta a kan tabarma. Kukan da ta riƙe mako uku ya fito, mara ƙara, kafaɗunta kawai ke motsi. Sufeto ta ji tausayinta har cikin ƙashi, ta kuma ji haushinta saboda matar da ke zaune a benci, duka biyun a lokaci guda, ba ta san inda za ta ajiye ko ɗaya ba. Da Iya Chiyo ta tashi, sai ta wanke kofunan shayin, ta kife su, ta ɗauki laimarta, ta ce su tafi kada a ƙara wa mai daɓe kwana.

An saki Wilson da yammacin ranar. Matarsa ta miƙa masa ƙunshin abincin da ya huce tun jiya, ya tsaya a bakin titi ya cinye tas.

Bayan kwana goma Sufeto ta bi ta layin don ta karɓi sa hannun Naoko a wata takarda. Ta tarar da motar Wilson a ƙofar gida. An kwashe tsakuwar rijiyar gaba ɗaya, har ruwa ya sake fitowa baƙi ƙirin a can ƙasa. Gishiri da giyar shinkafa suna kan wani ɗan tebur, mai kula da ɗakin bauta bai daɗe da tafiya ba. Makabe yana tsaye a gefe da hannu a haɗe, babu agogo a wuyan hannunsa. Baba Inukai ya sara gora mafi tsawo a gidansa, yana zaune a kan tubali yana ba da umarni.

"Ba haka ba, kai! A hankali! Wa ya koya maka aiki?"

"Kai ne, Baba, tun ɗazu," in ji Wilson.

Sufeto ta matso. "Ban zaci za ka sake taka gidan nan ba."

"Aikina ne ya lotsa, ranki ya daɗe. Ba na barin aiki a lotse." Ya ci gaba da zura gorar hannu bayan hannu. "Naoko ta ce in Iya ta dawo, ko yaushe ne, za ta so wurin zama."

Gorar ta yi ta sauka. Kowa ya kasa kunne. Can sai suka ji ɗan sauti daga ƙasa, tsulum.

Wilson ya dubi tsohon. "Ta kai?"

Baba Inukai ya sa kunne a bakin gorar, ya daɗe a haka. Sannan ya goge ido da bayan hannu.

"Ta kai," in ji shi. "Zuba."